Ranar haihuwa, takardar albashi da biza: wa ke cin moriyar renon yara a Ingila?

Ranar 1 ga Satumban 2025 gwamnatin Birtaniya ta ƙarasa cika alƙawarin da Jeremy Hunt, ministan kuɗi na wancan lokaci, ya ɗauka a kasafin watan Maris na 2023. Alƙawarin shi ne duk yaron da ya cika wata tara a Ingila, in dai iyayensa na aiki, gwamnati za ta biya masa awa 30 a mako a gidan reno har ya shiga firamare. Jam'iyyar masu ra'ayin riƙau ce ta faro shirin, ta Leba ta gaje shi bayan zaɓen Yulin 2024, ta kuma ci gaba da shi yadda ta same shi. Mataki uku aka bi: a Afrilun 2024 aka bai wa 'yan shekara biyu awa 15, a Satumban wannan shekara aka sauko da ita kan 'yan wata tara, sannan a Satumban 2025 aka ninka ta zama 30. Abin da baitulmali ke kashewa a renon ƙananan yara yanzu ya haura fam biliyan 8 a shekara.

Kuɗi ne masu yawa, kuma dubban iyaye sun sami sauƙi da gaske. Amma wanda ya zauna ya karanta sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya, ya haɗa su da na kuɗin hutun haihuwa, zai ga cewa ba buƙatar jariri ake aunawa ba. Abu uku ake dubawa: yaushe uwarsa ta kama aiki, wace rana aka haife shi, me aka rubuta a bizar iyayensa. Babu ko ɗaya cikinsu da jaririn ke da hannu a ciki. A ganina wannan shiri ne na mayar da iyaye bakin aiki, kuma ko a matsayinsa na hakan yana barin ma'aikatan da suka fi buƙatarsa a waje.

Mu fara daga ciki, tunda daga nan lissafin ke farawa. Duk macen da ke aiki ƙarƙashin wani a Birtaniya tana da haƙƙin hutun haihuwa na mako 52, ko da jiya ta kama aikin. Hutun daban, kuɗinsa daban. Albashin jego da doka ta wajabta, wanda ake kira SMP, na mako 39 ne. A mako shida na farko ana biyanta kashi 90 cikin ɗari na albashinta. A sauran mako 33 kuwa, a ƙa'idar shekarar haraji da ta fara a Afrilun 2025, fam 187.18 ne a mako, ko kashi 90 ɗin in ya gaza hakan. Mako 13 na ƙarshe babu ko kwabo. A wannan ƙa'idar, macen da ke samun fam 500 a mako za ta karɓi 450 na wata ɗaya da rabi, daga nan ta faɗo ƙasa da 190, alhali kuɗin haya da na wuta da na ɗumama ɗaki suna nan yadda suke, ga kuma baki ya ƙaru.

Kafin ta samu ko wannan ɗin, sai ta cika sharaɗi biyu. Na farko, matsakaicin albashinta ya kai fam 125 a mako, a ƙa'idar Afrilun 2025. Na biyu, ta yi wa mai aiki ɗaya aiki na mako 26 a jere zuwa mako na 15 kafin makon da ake sa ran haihuwarta. Haɗa 26 da 15, ka sami 41, ciki kuwa mako 40 ake ƙirga masa. Ma'ana, sai ta kasance ta kama aikin tun kafin ta ɗauki cikin. Matar da ta shekara goma tana biyan haraji, ta sauya wurin aiki don ƙarin albashi ba ta san tana da shigar ciki na sati biyu ba, ta fita daga layin. Akwai kuma wani tarko: albashin mako takwas da suka gabaci wancan mako na 15 ake ɗauka a fitar da matsakaici. Idan a daidai wannan tsakani laulayi ya kwantar da ita, ko mai aiki ya rage mata awanni, da wannan ragaggen albashin za a yi mata lissafi.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne mafi yawan kuɗin ba daga aljihun mai aiki yake fita ba. Kamfani na biya, sannan ya karɓo kashi 92 cikin ɗari daga hukumar haraji ta HMRC, ƙananan kamfanoni ma duka ake mayar masu har da ɗan ƙari. To in gwamnati ce ke biya, me ya sa za a ɗaure haƙƙin mace da zamanta a ƙofar mai aiki ɗaya? Sharaɗin bai kare baitulmali daga komai ba. Abin da yake yi kawai shi ne sa mata su daure wa aikin da ba sa so, don tsoron kada ciki ya zo a lokacin da bai dace da kalandar hukuma ba.

Za a ce ai akwai madadi, kuma gaskiya ne. Wadda ba ta cancanci SMP ba, mai aikinta zai ba ta fom ɗin SMP1, ta haɗa da takardar MAT B1 da ungozoma ke bayarwa bayan ciki ya kai mako 20, ta nemi alawus ɗin haihuwa daga ma'aikatar ayyuka da fansho. Sharaɗinsa ya fi sauƙi: aikin mako 26 cikin mako 66 da suka gabaci haihuwa, ba lallai a jere ko a wuri ɗaya ba, da samun aƙalla fam 30 a mako cikin makonni 13. Masu sana'ar kansu ma ta nan suke bi. Shi ma mako 39 ne, fam 187.18 mafi yawa a ƙa'idar Afrilun 2025, sai dai babu kashi 90 ɗin nan na makonnin farko ga mai albashi mai tsoka.

Ba a nan gizo ke saƙar ba. Matalauciyar da ke karɓar tallafin Universal Credit, in SMP take samu, ana ɗaukarsa a matsayin albashi: a bar mata wani kaso ba a taɓa ba, abin da ya haura a cire kwabo 55 cikin kowace fam. In kuwa alawus ɗin haihuwa ne, ana cire shi fam da fam daga tallafin. An ba ta da dama an karɓe da hagu. Mata biyu a layi ɗaya, masu samu iri ɗaya, da jarirai sa'annin juna, ɗaya ta fi ɗaya da dubban fam a shekarar jego, don kawai ɗaya ta sauya aiki ko tana sana'ar kanta. Ƙungiyar Maternity Action ta shekara da shekaru tana kuka a kan wannan, ƙa'idar tana nan. Haka tallafin Sure Start na fam 500 da ake bai wa matalauta don sayen kayan jariri: tun 2002 adadin bai motsa ba, kuma tun 2011 aka taƙaita shi galibi ga ɗan fari.

Yanzu a zo ga wata taran da ake ta yayatawa. An zaɓi wata tara ne don ya yi daidai da mako 39 na albashin jego, wato kuɗin hutu na ƙarewa, kuɗin reno na kamawa. A takarda abin ya yi kyau. A aikace, yaro ba ya fara cin awanninsa ranar da ya cika wata tara, sai farkon zangon karatu na gaba, kuma zango uku ne a shekara: 1 ga Satumba, 1 ga Janairu, 1 ga Afrilu.

A ɗauka maƙwabta biyu ne, ɗaya ta haihu ranar 25 ga Yuni, ɗayar ranar 10 ga Yuli. Ɗan ta farko zai cika wata tara ranar 25 ga Maris, bayan mako guda ya shiga gidan reno da kuɗin gwamnati. Ɗan ta biyu zai cika ranar 10 ga Afrilu, zango ya riga ya kama da kwana tara, sai ya jira Satumba, lokacin yana neman wata goma sha huɗu. Albashin jegon uwarsa ya ƙare tun cikin Maris ko farkon Afrilu, hutunta gaba ɗaya zai ƙare kafin tsakiyar Yuli. Tazarar kwana goma sha biyar a ranar haihuwa ta zama wata biyar na biyan kuɗin reno daga aljihu, ko na zama gida babu albashi. Ga kuma sharaɗin cewa uwar da ke hutun wannan jaririn sai ta koma aiki kafin ƙarshen watan da zangon ya fara, in ba haka ba ta jira zango na gaba. Kuma sai ta nemi lambarta mai alƙaluma 11 a shafin intanet na gwamnati kafin 31 ga Agusta, ko 31 ga Disamba, ko 31 ga Maris, ta riƙa sabunta bayananta duk wata uku. Ta makara da kwana ɗaya, zango ya wuce ta.

Awa 30 ɗin ma ta mako 38 ce a shekara, iya lokacin da makarantu ke buɗe, jimla awa 1,140. Asibiti da kanti da masana'anta ba sa tafiya hutun zango. In aka baje awannin a mako 52 sun koma kamar 22 a mako. Gidajen reno kuma sun daɗe suna cewa abin da gwamnati ke biyansu kan 'yan shekara uku da huɗu bai kai abin da suke kashewa ba, don haka suke cike giɓin da kuɗin abinci, da na ƙunzugu, da na fita yawon buɗe ido. Gwamnati ta ce waɗannan kuɗaɗe na ganin dama ne, ba a tilasta wa kowa. Amma uwar da ta yi watanni tana jiran gurbi a unguwar da gidajen reno suka yi ƙaranci, ba ita ce za ta tsaya jayayya da mai gidan reno kan kuɗin abincin rana ba.

Sharaɗin aikin kansa ga yadda yake. Kowane ɗaya daga cikin iyayen biyu, ko uwa ita kaɗai in ita ke riƙe da gida, sai ya samu abin da ya kai ladan awa 16 a mako a mafi ƙarancin albashi. Da fam 12.21 a awa, wanda ya fara aiki a Afrilun 2025 ga 'yan shekara 21 zuwa sama, hakan ya kama fam 195 a mako. A lura da wannan adadi: ya fi fam 187.18 da gwamnatin ta ƙayyade wa mai jego a wannan shekarar ta rayu a kai. Daga sama kuma, kada ɗayansu ya wuce fam 100,000 a shekara. Miji da mata masu samun fam 99,000 kowanne, gida mai kusan 200,000, sun cancanta. Gidan da miji ke samun 101,000, matar na aikin kanti, bai cancanta ba. Jaridun Landan sun fi yin surutu a kan wannan gefen, don ya taɓa manyan likitoci da lauyoyi da ma'aikatan banki. Ni gefen ƙasa ya fi damuna. Ɗalibar aikin jinya da ke kwana a ɗakin marasa lafiya tana koyon aiki, karatu take yi a idon wannan ƙa'ida, ba aiki ba. Mai neman digirin digirgir da ke rayuwa a kan kuɗin tallafin bincike, haka. Uwar da ke neman aiki ba za ta samu reno ba sai ta samu aikin, alhali rashin mai riƙe mata yaron ne ya hana ta nemansa.

Abin da ya rage wa 'ya'yan waɗannan shi ne awa 15 da ake bai wa kowane ɗan shekara uku da huɗu, da kuma awa 15 ta 'yan shekara biyu na gidajen matalauta, wadda aka faro a 2013 aka faɗaɗa a 2014 don ta game kashi 40 cikin ɗari na yaran. Iyakar samun da aka sa wa masu Universal Credit, fam 15,400 a shekara, tana nan tun 2018, albashi kuwa na ta hawa, don haka kowace shekara wasu gidaje na zamewa daga layin ba tare da sun bar talauci ba.

Ga lissafin yara uku da aka haifa a ƙarshen Nuwamban 2024, waɗanda za su shiga ajin share fage na firamare tare a Satumban 2029. Wanda iyayensa suka cika sharaɗin aiki ya fara a Satumban 2025, zai ci shekara huɗu cur, awa 4,560. Ɗan gidan matalauta zai fara a Janairun 2027, ya tashi da kusan 1,500. Wanda bai shiga ko ɗaya ba zai jira Janairun 2028, ya samu ƙasa da 1,000. Masu binciken ilimin yara sun daɗe da yin ittifaƙi cewa ɗan talaka ne ya fi amfana da ingantaccen gidan reno, musamman wajen buɗewar baki da sabo da littafi. Shi ne kuma aka bai wa kashi ɗaya cikin uku na abin da aka bai wa ɗan mai hali. Ranar farko ta makaranta za a zaunar da su a aji ɗaya, a auna su da ma'auni ɗaya.

Sai batun biza, inda maganar ta taɓa dubban 'yan Najeriya da 'yan Ghana da suka tafi Birtaniya a 'yan shekarun nan, galibi da bizar karatu ko ta aikin lafiya da kula da tsofaffi. Kusan duk mai irin wannan biza an gindaya masa sharaɗin cewa ba shi da rabo a tallafin gwamnati, abin da ake taƙaitawa da NRPF. Wasu abubuwan ba su shiga wannan haramci ba, kuma ya kamata mai juna biyu ta san su, don da yawa kan bar haƙƙinsu saboda tsoron ɓata takardunsu. SMP da alawus ɗin haihuwa duk halal ne gare ta in ta cika sharaɗin aiki. Awa 15 ta 'yan shekara uku da huɗu ta kowa ce, ba a tambayar fasfo. Tun 2022 aka buɗe wa masu NRPF awa 15 ta 'yan shekara biyu, in samun gidan bai wuce fam 26,500 ba a wajen Landan ga mai ɗa ɗaya, ko 34,500 a cikinta, da ɗan ƙari ga mai 'ya'ya biyu zuwa sama, kuma ajiyarsu ba ta wuce fam 16,000 ba. Amma kuɗin yara na mako-mako, da Universal Credit, da fam 500 na kayan jariri, duk an rufe masu ƙofa. Awa 30 ta masu aiki ma haka, sai fa in ɗaya daga cikin ma'auratan ɗan ƙasa ne ko yana da izinin zama na dindindin, shi sai ya nema da sunansa.

Ka dubi mai kula da tsofaffi da ke aikin awa 40 ko fiye a mako, ana cire mata haraji da kuɗin inshorar ƙasa kafin albashi ya shigo hannunta. Da harajinta ake biyan renon ɗan abokiyar aikinta, nata ɗan kuwa ko ta biya cikakken kuɗi ko ta san yadda za ta yi. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Abin da irin waɗannan gidaje ke yi sananne ne: miji ya ɗauki aikin dare, mata ta ɗauki na rana, su miƙa wa juna yaro a bakin ƙofa da asuba, wanda ya dawo ya yi renon da ido biyu maimakon barci. A gida, mai haihuwar fari kan tafi goyon ciki wurin iyayenta, ta yi arba'in ana yi mata komai, bayan ta dawo ma ga kaka ga gwaggo ga 'yar riƙo. A can, kaka sai da bizar ziyara, wadda ba ta wuce wata shida a zuwa ɗaya, kuma ba duk mai nema ke samu ba.

Masu kare tsarin suna da hujjoji, kuma ba na banza ba ne. Suna cewa kuɗin gwamnati na da iyaka, kuma renon jarirai ya fi komai tsada tunda doka ta ce ma'aikaciya ɗaya ga jarirai uku 'yan ƙasa da shekara biyu. Suna cewa ko yanzu ma'aikatan reno ba su isa ba, balle a ƙara yawan yara. Suna cewa makasudin shirin tun farko shi ne mata su koma aiki, tattalin arziki ya motsa, harajin da za su biya ya rage hasarar. Game da baƙi kuma, sun ce kowa ya san sharaɗin bizarsa kafin ya sa hannu.

Na yarda da hujjar kuɗi da ta ƙarancin ma'aikata, shi ya sa ba na cewa a bai wa kowane jariri awa 30 gobe. Amma hujja ta uku ita ce ke rushe ta huɗu. In manufar ita ce a sauƙaƙa wa mai aiki ya yi aiki, to wa ya fi cancanta da wanda ƙasar da kanta ta gayyato saboda asibitocinta da gidajen tsofaffinta sun rasa hannu? Gwamnatin ta riga ta amince ɗansa ya shiga firamare ba da ko sisi ba, ta amince ya ci awa 15 yana ɗan shekara uku. Ƙa'idar cewa ba a hukunta yaro da takardun iyayensa ta karɓu ke nan, an dai tsayar da ita a rabin hanya. Kuma ba sai an je nesa neman misali ba. Tun Agustan 2021 Sikotlan ke bai wa duk ɗan shekara uku da huɗu awa 1,140 a shekara, iyayensa na aiki ko ba sa yi. Tana da nata giɓin, don ba ta da abin da Ingila ke bai wa 'yan wata tara, amma ta nuna cewa ana iya rataya haƙƙin a wuyan yaron.

Gyaran da ya fi gaggawa ba shi ne mafi tsada ba. A bar yaro ya fara cin awanninsa daga watan da ya cika wata tara, ko daga ranar da uwarsa ta koma aiki, a daina jiran zango. A yi wa alawus ɗin haihuwa lissafi iri ɗaya da SMP a cikin Universal Credit. A mayar da sharaɗin mako 26 ya zama na aiki a ko'ina, tunda baitulmali ne mai biya. A ɗaga iyakar fam 15,400 ta riƙa tafiya tare da albashi. A ƙirga ɗaliban jinya da na ungozoma da na koyarwa cikin masu aiki. A buɗe awa 30 ga duk mai biyan haraji a ƙasar, ko wace biza yake riƙe da ita. A Yulin 2025 gwamnati ta ƙaddamar da bitar dukan tsarin hutun iyaye da kuɗinsa. In bitar ta tsaya kan ƙara wa uba kwanaki a kan mako biyun da yake da su, ta bar waɗannan ramuka, to waɗanda ke faɗawa cikinsu yau su ne za su ci gaba da faɗawa.

Kafin a kai ga gyara, mai shirin haihuwa a Ingila ba ta da zaɓi sai ta zama akawun kanta tun cikin bai fito ba. Ta ƙirga mako 15 baya daga makon haihuwa ta sanar da wurin aikinta kafin lokacin. Ta kula da awanninta a mako takwas ɗin da ake lissafi da su. Ta duba a wane zango wata taran ɗanta zai faɗa, ta tanadi kuɗin tazarar, ta sa suna a gidan reno tun tana da ciki. In tana da NRPF, ta bambance abin da aka hana ta da abin da yake haƙƙinta, ta karɓi haƙƙin ba tare da fargaba ba. Mai ilimi da lokaci da wanda zai yi mata bayani za ta iya duk wannan. Wadda ke aikin dare, Turancinta bai nuna ba, ba ta da kowa a garin, ita ce za ta makara da fom, kuma ɗanta ne ya fi kowa buƙatar gurbin.